Sayen Sakamako: Tarken Wata Maƙala a Madubin Afganistan

A shekarar 2005, mujallar likitanci ta The Lancet da ake bugawa a Landan ta fitar da wata maƙala marar tsawo sosai, wadda wasu ma'aikatan Bankin Duniya biyu, Benjamin Loevinsohn da April Harding, suka rubuta. Farkon takenta, idan aka mayar da shi Hausa, kalmomi biyu ne da ayar tambaya: sayen sakamako? Abin da take son tabbatarwa shi ne, gwamnatin ƙasa matalauciya da ta kasa kai magani da allurar rigakafi ƙauyukanta za ta fi samun biyan bukata idan ta miƙa aikin ga ƙungiya mai zaman kanta, galibi wadda ba riba take nema ba, aka rubuta yarjejeniya, aka ƙayyade aiki da wa'adi, sannan aka zo aka auna abin da aka yi. Mai karatu yana iya tambayar me ya haɗa ɗalibin adabi da rubutun masana harkar lafiya. Amsar ita ce, rubutun yana da jigo, yana da taurari, akwai wanda aka ba baki ya yi magana a cikinsa, akwai kuma wanda aka bari a bakin zaure. Duk rubutun da ya tara waɗannan ya cancanci tarke, balle wanda ra'ayin da ke cikinsa yake da hannu wajen yanke ko mace mai naƙuda za ta iske ungozoma a ɗakin haihuwa, ko kuwa kwaɗo za ta iske a ƙofa.

Adalcin matarki shi ne ya fara da faɗin abin da marubuci ya ce, yadda ya ce shi. Marubutan sun tattaro misalai goma daga ƙasashe irin su Kambodiya da Bangaladash da Indiya da Pakistan da Gwatamala da Haiti da Senegal, suka nuna cewa an samu ci gaba a wuraren da aka ba da kwangila, kuma a inda aka iya kwatanta aikin ƙungiya da na ma'aikatan gwamnati, ƙungiya ce ta yi gaba. Dalilan da suka kawo ba su da wuyar fahimta. Ƙungiya tana iya ɗaukar ma'aikaci yau ta sallame shi gobe idan ya ƙi zuwa aiki; tana iya sayen magani ba tare da takarda ta kwana wata uku a kan teburin wani babban sakatare ba; tana kuma tsoron a ƙwace kwangilar a ba wata. Ita kuwa gwamnati, in ji su, sai ta huta da ɗawainiyar yau da kullum, ta koma kujerar mai tsara manufa da sa ido. Salon rubutun a natse yake, babu cika baki, kuma ayar tambayar nan ta kan take ta ba shi kamannin tawali'u. Sai dai wanda ya karanta har ƙarshe zai ga tambayar ta riga ta samu amsa tun kafin a yi ta.

Kafin a kai ga wannan maƙala an yi doguwar tafiya. A watan Satumba na 1978 ƙasashen duniya sun taru a Alma-Ata, cikin tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka amince cewa lafiya haƙƙi ce ta ɗan Adam, gwamnatoci ne ke da alhakin lafiyar jama'arsu, kuma jama'a suna da 'yancin shiga cikin tsara yadda za a kula da su. Shekara goma sha biyar bayan haka, a 1993, rahoton shekara na Bankin Duniya ya zo da wani harshe dabam, harshen zuba jari: a zaɓi 'yan ayyukan lafiya da suka fi amfani a kan kuɗi kaɗan, a ƙulle su ƙunshi guda, a yi musu farashi. Da zarar abu ya zama ƙunshi mai farashi, to saura a nemi mai saye da mai sayarwa. A Alma-Ata tauraron labarin shi ne ɗan ƙasa mai haƙƙi. A maƙalar 2005 taurarin biyu ne, mai ba da kwangila da mai karɓa, marar lafiya kuwa ya koma adadi a cikin jadawali. Wannan sauyin taurari shi ne abu na farko da ya kamata mai nazari ya lura da shi, domin sauran duka daga gare shi suka tsiro.

Kunnen Bahaushe ma yana jin wani abu a kalmar kwangila da wataƙila marubutan ba su ji ba. A wurinmu ɗan kwangila mutum ne da ke zuwa da motocinsa, ya yi aiki, a biya shi, ya kwashe kayansa ya tafi. Ba a tsammanin ya zama ɗan gari. Wannan ya dace da gina gada ko haƙa rijiya, waɗanda ke da ranar farawa da ranar miƙa makulli. Awon ciki kuwa ba shi da ranar gamawa, haka rigakafin ƙyanda, domin kowace safiya ana haihuwar wanda ba a yi wa ba.

Hujja mafi ƙarfi da masu wannan ra'ayi suke dogara da ita daga Kambodiya ta fito, inda daga 1999 zuwa 2003 aka yi gwaji da rancen Bankin Raya Ƙasashen Asiya. An kasa gundumomi ta hanyar ƙuri'a: wasu a miƙa su kacokan ga ƙungiya, wasu ƙungiya ta shigo ta jagoranci ma'aikatan gwamnati, wasu kuma a bar su yadda suke domin kwatanci. A ƙarshe gundumomi biyar ne suka samu 'yan kwangila, biyu na nau'in farko, uku na biyu. An ga ƙaruwar awon ciki da rigakafi da zuwa asibiti, kuma kuɗin da talaka ke fitarwa daga aljihunsa ya ragu, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Amma akwai abubuwa biyu da suka rage wa hujjar kaifi. Wasu gundumomin da ƙuri'a ta faɗa kansu ba su samu ƙungiyar da ta cancanta ta ɗauke su ba, don haka kwatancin bai fita tas ba. Sannan gundumomin kwangila, musamman waɗanda aka miƙa kacokan, sun samu kuɗin hukuma fiye da na sauran, ma'aikatansu kuma sun samu albashin da ya ishe su barin asibitin bayan gida da suke buɗewa da yamma. Idan ka ciyar da doki ɗaya dawa ka bar ɗaya da ƙaiƙayi, sannan ka sa su tsere, bai kamata ka ce sirdin ne ya yi nasara ba. Da masu bitar bincike na Cochrane suka tace abin da aka rubuta kan batun a 2009, nazari uku kacal suka samu da ya cika sharuɗɗansu, suka kuma ce hujjar tana da rauni.

Afganistan ce ƙasar da aka gwada ra'ayin a kan al'umma gaba ɗaya, shi ya sa ta zama madubin da ya fi dacewa a duba maƙalar a ciki. Bayan faɗuwar gwamnatin Taliban ta farko a ƙarshen 2001, ƙasar ba ta da abin da za a kira tsarin lafiya. Wani bincike na 2002 ya ƙiyasta cewa mata 1,600 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, a gundumar Ragh ta lardin Badakhshan kuwa adadin ya haura 6,000, abin da da wuya a taɓa rubuta irinsa a wani wuri. Ungozomomin da ke da horo a ƙasar duka ba su kai 500 ba. 'Yan asibitocin karkara da suka rage, yawancinsu dama ƙungiyoyin agaji ne ke riƙe da su, kowace da nata tsari, wani kwari yana da asibiti uku, wani ba shi da ko ɗaya. A 2003 ma'aikatar lafiya ta fitar da ƙunshin ayyukan lafiya na matakin farko: kula da mai ciki da jariri, rigakafi, abinci mai gina jiki, yaƙi da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, samar da muhimman magunguna, da sauransu, a kan kimanin dala huɗu zuwa biyar ga kowane mutum a shekara. Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Amurka da Tarayyar Turai suka raba lardunan a tsakaninsu, kowa ya ɗauki nauyin nasa, aka tallata kwangila, ƙungiyoyin gida da na waje suka nema. Daga cikin larduna 34, sai da 31 suka kasance a hannun ƙungiyoyi.

Duk wanda ya ce wannan shiri bai yi amfani ba, bai yi wa gaskiya adalci ba. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, kuma a 2003 babu wata ma'aikatar da za ta iya kai likita Badakhshan ko da an cika mata baitulmali. Cikin 'yan shekaru asibitoci suka yawaita, aka horar da dubban ungozomomi daga cikin 'yan matan ƙauyukan da za su koma su yi wa aiki, aka sanya ma'aikatan lafiya na sa-kai, mace da namiji, a ƙauyuka masu nisa, aka kuma hana karɓar kuɗin ganin likita a waɗannan asibitoci a 2008. Ƙungiyoyi sun iya shiga yankunan da motar gwamnati ba ta isa ta bi ba, domin sukan zauna da dattawan gari, wani lokaci har da masu bindiga, su nemi izini. Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka tare da wata cibiyar bincike ta Indiya sun riƙa zagayawa kowace shekara tun daga 2004 suna ba kowane lardi maki, abin da ƙasashe da yawa da ke zaman lafiya ba su yi wa asibitocinsu. Mutuwar yara ƙanana ta ragu, wannan kowa ya yarda.

Sai dai alƙaluman da aka riƙa yi wa shirin kirari da su ba duka suke tsaye da ƙafafunsu ba. Binciken mace-mace na 2010 ya ce mutuwar mata wajen haihuwa ta sauko zuwa 327, aka yi ta shela da wannan lamba a tarukan masu ba da agaji. Da aka sake wani babban bincike a 2015, sai aka samu 1,291. Ba zai yiwu duka biyun su zama daidai ba, kuma masana sun yi jayayya a kan kowannensu. Abin lura ga mai tarke shi ne, tsarin da aka gina a kan cewa za a sayi sakamako ya kasa tsayar da magana ɗaya a kan sakamakon da ya fi kowanne muhimmanci. Abin da ya iya ƙirgawa da kyau shi ne yawan masu zuwa awo, da ko akwai magani a kan kanta ranar da mai duba ya zo, da ko an cike littafin rajista. Ba ya ƙirga yadda aka yi wa matar magana, ko kuɗin motar da mijinta ya ranto, ko dalilin da ya sa har zuwa shekarun ƙarshe na jamhuriya kusan kashi uku cikin huɗu na duk kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun iyalai yake fita.

Akwai kuma larduna uku da ba a cika ambatonsu ba: Kapisa da Parwan da Panjshir. A nan ma'aikatar lafiya ce da kanta ta gudanar da ƙunshin, da kuɗin Bankin Duniya, da 'yancin ɗaukar ma'aikata da biyansu albashi mai kyau. Nazarce-nazarcen da suka kwatanta su da lardunan ƙungiyoyi ba su nuna wata tazara mai girma ba. Gaskiya ne suna kusa da Kabul kuma sun fi zaman lafiya, don haka ba za a ɗora musu kaya mai nauyi ba. Amma sun isa su jefa shakka a kan jigon maƙalar. Wataƙila abin da ke warkar da asibitin karkara shi ne kuɗi a kan lokaci da albashin da ya isa da ido mai dubawa, ko wane ne ke riƙe da makullin.

Babban giɓin rubutun yana wani wuri dabam, kuma giɓi ne na zubi. An tsara labarin a kan cewa gwamnati ce mai saye. A Afganistan gwamnati mai sa hannu ce, mai biya yana Washington da Brussels. A shekarun farko ma Amurka da Tarayyar Turai ba su bi ta asusun ma'aikatar ba, kai tsaye ko ta hannun wakilansu suke sallamar ƙungiyoyi. Sashen da aka kafa a cikin ma'aikatar domin kula da kwangiloli ya ƙware ƙwarai, amma ƙwarewarsa ta rubuta yarjejeniya ce da tantance rahoto, albashin jami'ansa kuma daga waje yake zuwa. Marubutan ba su manta da tambayar ɗorewa ba. Sun taɓo ta, suka amsa da cewa yawancin shirye-shiryen da suka duba sun ci gaba, wasu ma an faɗaɗa su. Wato ɗorewa a wurinsu ita ce a sabunta kwangila. Ba su tsaya a kan ranar da mai sabuntawar zai tashi ba. Haka aka yi ta sauya wa shirin suna, ya zama SEHAT a 2013, ya zama Sehatmandi a 2018, aka ƙara matsa wa ƙungiyoyi su rage farashi, aka ɗaura wani ɓangare na biyansu a kan yawan aikin da suka nuna, ba tare da tushen kuɗin ya matso gida ko taku ɗaya ba. Kimanin kashi 75 cikin 100 na abin da gwamnatin ke kashewa gaba ɗaya tallafin waje ne.

Ranar 15 ga Agusta, 2021, Taliban suka shiga Kabul. Cikin 'yan kwanaki Bankin Duniya ya dakatar da biya, Amurka ta riƙe kusan dala biliyan 7 na babban bankin ƙasar da ke ajiye a New York. Asibitocin Sehatmandi sama da 2,300 suka wayi gari ba albashi, ba man janareto, ba magani. Ba bam ne ya rufe su ba. Takarda ce aka daina sa wa hannu a wata nahiya. Da shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Adhanom Ghebreyesus, ya ziyarci Kabul a watan Satumba, ya shaida wa duniya cewa kashi 17 cikin 100 ne kawai na waɗannan asibitoci ke aiki sosai. Kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Dole a saurari mai kare maƙalar a nan, domin yana da abin faɗa, kuma ba shi da sauƙin turewa. Zai ce laifin ba na kwangila ba ne, na talauci ne: ko da ma'aikatan gwamnati ne ke asibitocin, da kuɗin waje za a biya su, kuma da sun tsaya kamar yadda malaman makaranta suka tsaya. Zai ƙara da cewa kwangilar ce ma ta ceci abin da aka ceta, domin tun da ƙungiyoyi ne ke riƙe da asibitoci, Majalisar Ɗinkin Duniya ta samu hanyar zuba kuɗi ba tare da ta bi ta hannun Taliban ba. Wannan haka ne. A ƙarshen Satumba Majalisar ta saki dala miliyan 45 daga asusunta na gaggawa, hukumominta suka karɓi ragamar biyan ƙungiyoyin, asibitoci da yawa suka sake buɗewa kafin hunturu ya yi tsanani. Na yarda da rabin wannan magana. Inda na tsaya shi ne, sauƙin da aka samu wajen tsallake gwamnati a 2021 shi ne shaidar cewa shekara goma sha takwas ba su sa tsarin ya yi saiwa a cikin ƙasar ba. An cire ma'aikatar lafiya daga tsakiya kamar yadda ake zare tsinke, aka sa wata hukuma a gurbinta, aiki ya ci gaba. Abin da aka gabatar a 2003 a matsayin gada zuwa ga gwamnati mai iya tsayawa da kanta ya zama mazauni na dindindin, kuma babu wani sakin layi a cikin tunanin maƙalar da ya tanadi yadda za a sauka daga gadar. Ma'aikacin jinya a Helmand ya san sunan ƙungiyar da ke biyansa, ya san wa'adinta na ƙarewa bayan shekara biyu ko uku, bai san ko wadda za ta gaje ta za ta riƙe shi ba. Mutanen ƙauye kuma idan magani ya yanke ba su da wanda za su kama da hujjar cewa sun zaɓe shi ko sun biya shi haraji.

Sauran misalan maƙalar ma lokaci ya yi musu nasa sharhin. Kambodiya, wadda ita ce abin alfahari, ta juya daga 2009 ta mayar da kwangilar cikin gida, ma'aikatar lafiya tana ƙulla yarjejeniya da gundumominta maimakon ƙungiyoyin waje. Ta riƙe awo da lada, ta sallami ɗan kwangila. Gwatamala, wadda ta fara ba ƙungiyoyi aikin kai lafiya yankunan 'yan asalin ƙasa a 1997 bayan yarjejeniyar sulhu ta 1996, ta soke shirin a tsakanin 2014 da 2015 kafin ta shirya abin da zai maye gurbinsa, miliyoyin mutanen karkara suka zauna ba mai zuwa yi wa 'ya'yansu rigakafi na wani lokaci. A can masu ba da agaji ne suka janye, a nan gwamnati ce da kanta, amma ƙofar da aka bi ɗaya ce: abin da aka kafa da sa hannu, ana iya rushe shi da ƙin sa hannu, ba tare da an rufe ko ofishi ɗaya na gwamnati ba.

Ba zan ɗora wa marubuta biyu alhakin abin da ya faru shekara goma sha shida bayan rubutunsu ba, kuma Loevinsohn, wanda ya yi aiki a kan shirin Afganistan da kansa, ya san ƙasar fiye da yawancin masu sukarsa. Abin da nake tuhumar rubutun da shi ya fi haka ƙanƙanta, kuma ya fi shafar sana'ar alƙalami: ya zaɓi tambayar da yake da kayan amsa ta, wato wa ya fi iya aiki a cikin shekara uku, ya bar wadda ba ta shiga jadawali, wato asibitin na wane ne idan shekarun sun cika. Masu tsara manufa kuwa sun karanta shi kamar yadda ake karanta takardar magani, suka share ayar tambayar da ke kan take suka sa aya.

A watan Disamba na 2022 Taliban suka hana mata aiki da ƙungiyoyi masu zaman kansu, ko da yake an yi wa ɓangaren lafiya sassauci. A Disamba na 2024 suka rufe wa mata makarantun koyon ungozoma da aikin jinya, wato suka toshe rijiyar da shirin 2003 ya fi alfahari da haƙa ta. A farkon 2025 Amurka ta yanke tallafinta na waje, ɗaruruwan ƙananan asibitoci a Afganistan suka rufe cikin 'yan watanni, da yawansu a tsaunukan da mota ke yini kafin ta kai babban gari. A wasu daga cikinsu ungozomar tana nan cikin ƙauyen, domin dama 'yar garin ce, an horar da ita ne don ta zauna. Mata suna ƙwanƙwasa mata ƙofar gida da dare, ita kuwa ba ta da safar hannu, ba ta da allurar tsayar da jini, ɗakin da ta saba karɓar haihuwa a ciki yana can ƙarshen layi a kulle.